Kumatun Ɓulɓul

Ƙas! Ƙarar da na ji ke nan, kamar an taka busasshen kara. Ɗan ƙanina ne a hannuna, na tsayar da shi a kan teburin yanka na shagon ɗinkina ina lallaɓarsa: "Taka, Ɓulɓul, taka mu gani!" Ban jefa shi ba, ban yar da shi ba, wallahi ko hammatarsa ban saki ba. Sai kawai na ga ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe a inda babu gwiwa. Yaron ya wage baki kukan ya ƙi fita, sai can ya callara wata ƙara da har yau nake jin ta a kunnena.

Uwarsa, matar ƙanina, tana gefe tana saka maɓalli. Ta watsar da rigar ta yo kanmu. "Innalillahi! Yaya, me kika yi masa?"

"Ni? Tsayar da shi kawai na yi!"

Shekararsa biyu da wata huɗu, bai taɓa yin taku ɗaya ba. Duk mun ce nauyin jiki ne, in ya tashi zai yi.

* * *

A asibiti, likita ta ɗaga hoton ƙashin a saitin taga, ta daɗe tana kallo. Sannan ta buɗe katin awonsa, ta bi layin da bakin biro.

"Nauyi yana ta hawa, amma tsawonsa yana nan inda yake tun wata goma da suka wuce. Me yake ci?"

Ni sarkin zumuɗi na karɓe zancen. "Komai, likita! Biskit, lemon kwalba, taliyar leda. Ba ya ƙoshi, tubarkalla."

"Ƙwai fa? Wake, kifi, ganye?"

"Ba ya so."

"Wane magani ake ba shi?"

"Magani kuma? Babu!"

Likitar ba ni take kallo ba. Na waiga, sai na ga matar ƙanina ta zuge jaka, ta ajiye wani ƙullin leda a kan tebur. Wasu 'yan mitsi-mitsin fararen ƙwayoyi ne a ciki.

"Mai kemis ɗin layinmu ya ce na ƙiba ne. Ɗaya nake daka masa a madara, safe da yamma."

"Tun yaushe?"

"Shekara guda ke nan."

Likitar ta ajiye biro. "Baiwar Allah, wannan maganin masu asma mai tsanani ne. Babba ma da ƙidayar kwanaki ake ba shi. Kumatun nan da kuke gani ba lafiya ba ce. Maganin ne ya kumbura fuskar, ya tsayar da girma, ya cinye ƙashin har ya zama kamar na tsohuwa 'yar tamanin."

 Da ƙyar na ce, "Zai yi tafiya?"

"Ina fata, amma ba zan yi muku alkawari ba." Ta nuna wani ɗigo a farkon katin. "Abin takaicin, dubi nan. Kafin a fara ba shi, yana daidai kan layin masu lafiya. Siriri ne kawai."

* * *

Muna fitowa baranda na sauke mata kwandon masifa. Ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba.

"Ke wace irin uwa ce? Ki ɗauki guba da hannunki ki ɗura wa ɗan cikinki? Me za ki ce wa ubansa in ya dawo daga tafiya?"

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidanmu.

"Yaya, wa ya sa masa suna Tsinke?"



Ni ce. Ni ce nake ɗaga ɗan hannunsa a gaban masu kawo ɗinki ina cewa, "Ku dubi ɗan mutum, sai ka ce ba a girki a gidansu!" A yi ta dariya, ita ma ta yi yaƙe. Ni ce na ce mata ko nononta ruwa ne. Da ya fara cika kuma ni na canja masa suna zuwa Ɓulɓul, na ɗora hotonsa a fuskar wayata, ina ƙara wa rigunansa faɗi ina fariya da cewa jinin gidanmu ne ya motsa. Ko sau ɗaya ban tambayi yadda yaro ya ninka cikin wata uku ba. Ashe baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa ƙafar yaro ya karya. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

* * *

Da la'asar ma'aikaciyar jinya ta shigo ɗakin da aka kwantar da shi, an naɗe ƙafar da filasta har cinya. Ta miƙo ɗan faranti. Ina ganin abin da ke kai na miƙe tsaye.

"Wannan ai ita ce ƙwayar! Kashe shi za ku yi?"

"Zauna, Gwaggo. Jikinsa ya riga ya dogara da ita. In aka yanke rana ɗaya, shi ne za a rasa shi. A hankali za a riƙa ragewa, wata da watanni."

Uwar ta karɓi cokali, ya suɓuce ya faɗi. Ta ɗauka, ya sake faɗuwa. Sai ta juya ta kifa goshinta a bango.

Ni na ɗauka. Na murƙushe ƙwayar da bayan cokali, na ɗiga madara na dama. Ban kira shi da kowane suna ba, don ban san wanda zan kira ba. Yana jin ƙarar cokali ya daina kuka, ya ɗago kumatun nan, ya buɗe mini baki.