Sulen da Ɗan Azumi Ya Kawo daga Agadas

Kalsum ta kwance bakin zaninta a shagon Sunusi, mai sayen tsofaffin kaya a kasuwar Jankara, ta ajiye ɗan sulen a kan tebur tana kawar da kai.

Mijinta Ɗan Azumi, direban babbar mota, shi ya kawo mata shi daga Agadas suna sabon aure, ya rantse azurfa ce zalla. Shekara arba'in tana ɓoyonsa. Da ta fita takabarsa sai ta ce bari ta wanke shi a ƙera wa jikarta zobe. Ta dirje da toka da lemun tsami, sai ga jar tagulla ta leƙo. Kuma a tsakar gidan hayarsu na Agege, gaban maƙwabciyarta Adama, wadda ko tari ka yi sai ta kai labarin har unguwar Ketu.

"Ashe da gwangwani aka auro ki," in ji Adama.

Tun ranar Kalsum ta cire sunan mamacin daga addu'arta. Mutumin da ya yi ƙarya a wannan, a me kuma bai yi ba?

Sunusi ya daɗe yana juya sulen a ƙarƙashin gilashin ƙara girma.

"Mama, me kika yi masa?"

"Wanki."

"Ai kin wanke fuskar sarki. Kuɗin Rumawa ne, jabu, amma jabun zamaninsa. Tagulla aka buga aka yafa mata azurfa. Maƙerin da ya yi wannan ha'inci ya fi shekara dubu da ɗari biyar a ƙasa. Da kin bar fuskar, da Turawa sun yi rububinsa."

"Ban zo ciniki ba, ɗan nan. Wanda ya saya a Agadas, zai iya ganewa?"

"Sai in ya kankare, irin naki. Mutanen wancan zamanin ma sun karɓa sun kashe, ba su sani ba."

Ta ɗauke abinta ta ƙulle.

A cikin danfo, motar haya, cunkoso ya tsare su a Oshodi. Ta yi wa Ɗan Azumi addu'a a hankali, ta kira sunansa har sau uku. Sannan ta sake kwance ƙullin. Shi dai bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, kuma sarkin nan dogon hanci gare shi irin nasa; fuskar sarkin take kallo duk tafiyar da mijin ya yi. Ta shafa wurin fuskar da babban yatsa, ta karkata shi wajen hasken taga. Sumul yake.