Ranar da Clarrie Ya Yi Waƙa a Sama

Shekara goma sha ɗaya Clarrie, maigidana, ya yi yana haɗa jirgin saman nan a rumfar da muke askin tumaki. Ni Noelene ce na riƙe masa fitila, ni na riƙa kai masa shayi, ni kuma na sha faɗa. Mutumin nan ko abinci ya yi masa daɗi, iyakar abin da zai ce shi ne, "Ba laifi."

Abin alfaharinsa shi ne ɗakin jirgin yana riƙe iska. Ko ka hau ƙafa dubu ashirin da biyu, inda iskar waje ba ta isar mutum numfashi, a ciki sai ka ji kamar kana kan ɗan tudu. Ya nuna mini agogon da ke auna iskar ɗakin har na gaji, ya ce allurar kada ta wuce dubu takwas, in kuma ta wuce akwai ƙararrawar da za ta yi ihu.

Ranar Asabar da safe muka tashi daga Longreach za mu Toowoomba ganin 'yarmu da ta haihu. Mun yi kusan awa guda a sama, na'ura ce ke riƙe da jirgin, ina ta saƙa hular jariri, sai na ji waƙa. Na juya. Clarrie ne!

"Lafiya, tsoho?" na ce masa.

"Lafiya lau, Noelene. Kin san kina da kyau kuwa? Shekara talatin da huɗu ban gaya miki ba. Da ba don ke ba, da ko fukafuki ɗaya ban haɗa ba."

Wallahi da farko daɗi na ji, har da 'yar kunyata. Sai kuma gabana ya faɗi, don wannan ba bakin mijina ba ne. Na dubi leɓensa, ya yi shuɗi-shuɗi. Na dubi hannuna, ashe na daɗe ina soka kwarashi a wuri ɗaya, yatsuna suna ta tsiki-tsiki. Na ɗaga ido ga agogon nan. Dubu goma sha tara, kuma ƙararrawa shiru kake ji.

"Clarrie, iska ta zube! Sauke mu ƙasa!"

"Haba 'yar tsohuwa, wace iska? Dubi gajimare yadda ya yi kyau." Ya fashe da dariya.

Ni ban iya tuƙi ba. In ya suma, shi ke nan, jirgin zai yi ta tafiya da mu har mai ya ƙare. Na miƙa hannu bayan kujera na jawo tukunyar iskar gaggawa. Murɗa kanta kawai sai da na yi sau uku, hannun kamar ba nawa ba. Na fara ɗaura nawa takunkumin iskar, na ja numfashi huɗu, sai na ga duniya ta washe kamar an goge gilashi. Sai a lokacin tsoro na gaske ya kama ni.

Na kai masa nasa, ya ture. Na sake kaiwa, ya kama hannuna wai zai sumbata. Kai, raina ya ɓaci! Na cafke haɓarsa yadda nake cafke tunkiya in zan ɗura mata magani, na danna kansa jikin kujera, na kifa masa takunkumin a hanci.

"Ja numfashi, ɗan banzan tsoho! Ja!"

Ya ja. Ina ƙirgawa a zuci. Wajen na goma dariyar ta ɗauke, girar nan ta haɗe. Ya dubi agogon, ya dube ni.

"Sakar mini fuska, mata. Ɗaure ɗamararki da kyau."

Ya rage wuta, ya kifar da hancin jirgin, ya kira masu kula da hanya ta rediyo da muryarsa ta kullum, busasshiya. Kunnuwana kamar za su fashe, ulu ya gangara ƙarƙashin ƙafata, har allurar tsayi ta sauko ƙafa dubu tara. Minti ashirin bayan nan tayoyinmu suka taɓa ƙasa a Charleville.

Da ya buɗe ƙofa muka ga robar da ke toshe bakinta ta tsage, tsawon ɗan yatsa. Ya leƙa ƙarƙashin allon agogunan, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Fis ɗin da ke ba ƙararrawar wuta yana aljihun rigar aikina. Ran Alhamis ina gyaran waya ta dame ni da ihu, na zare shi. Na ce zan mayar bayan shayi."

Na tanadi faɗa mai yawa, amma da na dubi fuskarsa sai na fasa. Muka zauna a inuwar fukafuki, ƙudaje na damunmu, ina jin ƙasa mai zafi a ƙarƙashina, ban taɓa son ta haka ba. Na buɗe biredi da naman rago na miƙa masa, ya cinye tas.

"Noelene," ya ce, bai dube ni ba, "tun da muka wuce garin Blackall ban tuna komai ba. Na yi wani shirme a sama?"

"Waƙa ka yi. Muryar ba daɗi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan," na ce.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya tashi neman wanda zai sayar masa da fis. Sauran abin da ya faɗa kuwa bai san ya faɗa ba. Ni na ji da kunnena, kuma ya ishe ni.