Lallen Mai Rabon Ruwa

Mutanen kanal na bakwai suna cewa Baballe ba ya buƙatar ma'auni. In ya tsuguna a bakin ƙofar ruwa ya tsoma hannu, zai gaya maka ko ruwan zai kai gonakin ƙarshe kafin azahar ko sai la'asar, kuma hakan za a yi. Masu gonakin sama, na kusa da ƙofa, suna cewa taurin kai gare shi, ko goro ba ya karɓa. Na ƙasa kuwa suna cewa ba don shi ba da tuni sun koma dakon kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Matarsa Zuliha takan ce ba ta jin sallamarsa, warin laka ne ke fara shigowa gidan.

Shekara ashirin da uku yana riƙe da makullin ƙofar, wani ƙarfe mai kamar sitiyari da ake ɗorawa a kan sandar ƙofa a juya. A ɗakinsa yake rataye shi, kusa da buzun salla.

Shinkafa na cikin ruwa takarda ta zo wa ƙungiyar manoma. Daga ranin bana, duk mai rabon ruwa da kansa zai riƙa shigar da ma'aunin ruwa da jerin ranakun kowa a kwamfuta, ya tura ofis. Wanda bai kawo takardar shaidar koyon kwamfuta ba kafin ɗaya ga Nuwamba, a karɓi makulli. Kuma ba irin takardar da ake bugawa a shago ba, sai wadda aka zauna jarrabawa aka ci.

Suhaibu, sakataren ƙungiya, shi ya karanta takardar a majalisar gindin mangwaro, yana karantawa yana kallon Baballe. Taubasai ne su biyun, uwar Suhaibu ƙanwar uban Baballe ce. Tun Suhaibu yana ƙarami suke wasa. Ya sha ɓoye wa Baballe takalmi a masallaci, Baballe kuma ya taɓa saka masa kwaɗo a aljihu ranar ɗaurin aurensa. Ba wanda ke shiga tsakani, don ba a fushi da wasan taubashi. Amma kowa ya san bara sau biyu Baballe yana kwashe buhunan yashin da Suhaibu ya tare ruwa da su a saitin gonarsa. Kowa kuma ya san ƙanin matar Suhaibu, Mudassiru, yana da irin wannan takarda a ajiye, ba aiki.

"To, bawana," in ji Suhaibu yana naɗe takardar, "sai a zo a koya maka noman gero. Shi ba ya son kwamfuta."

Aka yi dariya. Washegari Baballe ya hau keke ya tafi Kura koyon kwamfuta.

Malama Raliya ce ke koyarwa a wurin, a wani ɗaki mai kwamfuta takwas, biyar ke aiki. Baballe yana da shekara hamsin da shida, karatun bokonsa na yaƙi da jahilci ne. Ranar farko ya riƙe linzamin kwamfutar kamar ƙotar fartanya, har kibiyar ta gudu ta ɓuya a lungu. Yatsunsa sun yi wa madannai girma, in ya danna harafi ɗaya sai biyu su fito. 'Yan ajin, sa'o'in 'ya'yansa, suka sa masa suna Injiniya. Shi dai yakan zo kafin kowa, bayan ya zagaya kanal, ya wanke ƙafa a famfo, ya zauna. Da aka zo zana jadawali sai abin ya buɗe masa. Ya ce wa Malama ai wannan fangalin gona ne, layi-layi, kowane da iyakarsa, in ka zuba abu a wanda ba nasa ba ka ɓata na maƙwabci. Daga nan bai ƙara tsoron na'urar ba. Cikin wata na uku yana buɗe takarda, ya rubuta, ya ajiye, ya tura, a hankali amma ba kuskure. Malama Raliya ta ce in dai ya shiga ɗakin jarrabawa, ya ci.

Shigar ce matsalar. Ranar rajista a birni, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓarsa. Laka da taki da ƙarfe sun cinye masa zanen yatsu, ga faso. Sai da aka goge aka sake gogewa kafin babban yatsan dama ya hau da ƙyar. Aka gaya masa da wannan yatsan zai shiga ranar jarrabawa, ya kula da shi. Malama ta gargaɗi matan ajin a kan ƙunshi, wata rana bayan maza sun fita salla. Bai zo mata a rai ba cewa akwai namijin da ya kamata ya ji.

Baballe ya ba da labarin yatsan a majalisa, don abin ya tsaya masa. Suhaibu ya saurara, fuskarsa ba alamar dariya. Ya ce shi ma ya ga irin haka lokacin da yake makaranta a birni, kuma maganin a gida yake. Lalle. Ai da shi ake maganin faso tun kaka da kakanni. A ƙunsa yatsun kwana uku a jere kafin jarrabawa, a haɗa da gishirin lalle don ya kama sosai, fatar za ta ɗinke, zanen ya taso.

Baballe ya dube shi. "Kai yaro, ban da wasa."

"Wannan ba wasa ba ne, bawana. Aikinka ne fa."

Akwai mutum tara a majalisar. Aƙalla huɗu sun kai 'ya'yansu mata jarrabawa, sun san abin da ake faɗa a kan lalle. Ɗaya ya sunkuyar da kai yana gyara silifas. Wani ya juya yana tari. Alhaji Tambaya, shugaban ƙungiya, ya ci gaba da jan carbinsa.

Zuliha ta ce ita ba ta taɓa jin haka ba, ya bari ya tambayi malamar. Ya ce an rufe aji, kuma Suhaibu ya yi boko fiye da su duka. Ta daka lallen, ta kwaɓa. Kwana uku yana zama a tsakar gida bayan la'asar, hannuwa a naɗe cikin leda, ita ke ba shi ruwa a baki. Da aka kwance na ƙarshe, yatsu goma sun yi baƙi siɗik. Fason ya yi laushi kuwa. Ya ji daɗi.

A bakin ɗakin jarrabawa layi ya yi tsawo. Da ya zo kan teburi ya miƙa hannu, jami'in ya kalli yatsun, ya kalli furfurarsa.

"Baba, bikin wa aka yi?"

Na baya suka leƙo. Dariya ta bi layin har ƙarshe. Na'urar ta nuna ja. Aka goge, ta nuna ja. Sau goma sha ɗaya. Baballe ya fito da katin ɗan ƙasa, ya fito da takardar rajista mai hotonsa, ya cire hula don a gan shi da kyau. Jami'in ya ce ba shi ya yi dokar ba, wanda yatsansa bai hau ba ba ya shiga, zama na gaba sai Janairu, ya matsa gefe mutane na jira.

Ya zauna a dakali ƙarƙashin taga. Yana jin ƙarar madannai daga ciki, yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa. Nan Malama Raliya ta same shi. Da ta ga hannun sai ta dafe baki. Ta tambaye shi wa ya ce ya yi haka. Ya faɗa mata. Ta ce duk wanda ya taɓa kusantar irin wannan na'ura ya san lalle ne babban abin da ake hanawa.

Bai biya gida ba. Ya tarar da majalisa a cike, labari ya riga shi zuwa. Suhaibu ya hango shi ya miƙe tsaye, yana cewa a ba amarya wuri, a kawo mata mayafi. Wasu har da riƙe ciki. Baballe ya taka har gabansa, ya cakumi wuyan rigarsa da baƙaƙen yatsun nan, ya kira shi munafuki sau uku. Rigar ta yage har ƙirji kafin a raba su.

Da dattawa suka zauna, maganar ba ta ɗauki lokaci ba. Suhaibu ya ce wasa ne, kuma cewar da ya yi ba wasa ba ne ita ma cikin wasan take, haka ake yi, shi ma da aka saka masa kwaɗo bai kai ƙara ba. Alhaji Tambaya ya ce gaskiya wasan ya yi nauyi, amma wanda ya ɗaga hannu a kan taubashinsa ya yanke abin da iyaye suka ƙulla, kuma a gaban jama'a. Ba wanda ya tambayi mutum taran nan dalilin shirunsu. Ranar ɗaya ga Nuwamba Mudassiru ya zo ƙofar gida ya yi sallama, ya ce an aiko shi karɓar makulli. Zuliha ce ta ɗauko ta miƙa ta bayan labule.

Lallen ya bi farce ya fita a hankali. Baballe bai ƙara taɓa taki da hannu ba, safa yake sakawa a hannu kamar ɗan makaranta, yana shafa man kaɗe safe da yamma. A Janairu na'urar ta nuna kore tun karon farko. Ya ci. Takardar ta zo da sunansa da hotonsa da hatimi, Zuliha ta sa aka lulluɓe ta da roba.

A lokacin tumatirin gonakin ƙasa ya fara naɗe ganye. Rahoton Mudassiru yana isa ofis kowace Alhamis a tsare, ba a taɓa samun kuskure a ciki ba. Amma bai san ana ɗan mayar da ƙofar baya kafin a ɗaga ta ba, ya tilasta mata, ta karkace. Bai shiga ruwa ya cire ciyawar kacala da ke toshe kanal ba, wai akwai macizai. Ruwan yana ƙarewa a tsakiya, daidai bayan gonar Suhaibu. Manoman ƙasa suka fara zuwa wurin Baballe ɗai-ɗai, har da wanda ya gyara silifas ran nan. Suna zama su yi ta kewaye-kewaye, su ce shi kaɗai ƙofar nan ta sani.

Ya ɗauki takardarsa ya je wurin Alhaji Tambaya. Alhaji ya karɓa, ya juya ta, ya yaba hoton. Sannan ya ce sunan Mudassiru ya riga ya tafi sama, an tabbatar da shi, ba a cirewa. Sai dai yaron yana buƙatar wanda zai riƙa juya masa ƙofa da shiga ruwa. Makullin zai iya komawa hannun Baballe da rana, ya mayar wa Mudassiru da yamma. Wannan aikin ba ya buƙatar takarda. Abin da yake buƙata shi ne a gyara zumunci, kuma inda aka ɓata a nan ake gyarawa.

Zuliha ta ce kada ya je. Ta ce su da suka yi dariya su sha dariyarsu ta kai musu ruwa gona. Da safe Baballe ya bi ta bakin kanal, ya tsaya a kan ƙofar. Ya ga yadda ta zauna a karkace, an bubbuge sandar da dutse, ruwa na tsiyaya ta gefe ɗaya. Ya tsuguna ya tsoma hannu. Ko zuwa magariba ba zai kai ƙasa ba.

Bayan la'asar majalisa ta cika fiye da kullum. Suhaibu yana kan benci cikin sabuwar riga, makullin yana jingine da ƙafarsa, Mudassiru na gefe yana danna waya. Baballe ya yi sallama, takardar na cikin aljihunsa, gefenta ya leƙo. Suhaibu ya miƙa hannu ya zaro ta, ya ɗaga wa mutane, ya ce ashe bawansa ya zama injiniya da gaske. Ya ɗan yi fifita da ita, ya ajiye a ƙarƙashin kofin shayinsa.

Alhaji Tambaya ya ce ana sauraro.

Baballe ya tsuguna. Ya yi magana, amma muryar ba ta wuce gemunsa ba.

"Na baya ba su ji ba," in ji Suhaibu. "Ranar da ka yaga mini riga har bakin titi an ji."

Baballe ya kalli makullin. An bar shi ya yi tsatsa a wajen riƙo. Ya ɗaga kai, ya buɗe murya yadda yake kiran na ƙasa in ruwa ya taho.

"Suhaibu, ni na yi laifi. Wasa ka yi mini, ban gane ba. Ka yi haƙuri, ka yafe mini."