Lungun da Baba Ya Bari

Wata bakwai Inna ba ta sauko daga bene ba, tun da gwiwoyinta suka daina ɗaukar ta. Abu ɗaya take nema: ɗaki a ƙasa, kusa da lungun gefen gidanmu, inda masu wucewa za su riƙa leƙowa ta gajeriyar katanga su gaishe ta. Shi ya kai ni ƙaramar hukuma neman izinin gini.

Sai da na yi sawu shida suka turo mai awo. Ya iso ya sha mur, ya ja tef daga turakun da na kafa zuwa katanga.

"Doka ta ce mita biyu tsakanin gini da iyaka. Naka ɗaya ne."

"Ranka ya daɗe, katangar ba ita ce iyaka ba," na ce masa. "Marigayi Baba ne ya ja ta ciki da mita ɗaya, ya bar wa mutanen baya hanya zuwa titi. Yana nan a taswirar da ke hannunka."

Ko buɗe ta bai yi ba. "Ni fom ɗina katanga ya ce. Babu gurbin lungu."

Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Taswirar tasu ce, hatimin nasu ne, amma ka ɗora mutum a kan gaskiya ya ce fom bai san ta ba! In na rage ɗakin, gado da keken da ake tura Inna a kai ba za su shiga ba. Na hau wurin shugaban sashen tsara gari na zayyana masa komai. Yana shan shayi ya ba ni shawara, a ganinsa taimako ne.

"Malam, kada ka wahalar da kanka. Mayar da katangarka kan iyaka, in sa maka hannu."

Na yi wata guda ina kai ƙorafi, Inna tana sama tana ramewa. Daga ƙarshe na kira magini ya mayar da katangar kan iyaka, ya toshe lungun, ban faɗa mata ba. Telan bayanmu, wanda ya shekara talatin yana bin lungun, ya tsaya yana kallon bulo na hawa. "Allah ya sa alheri," kawai ya ce, ya juya. Kwana uku izini ya fito.

Ranar da aka gama ɗakin, ni da ƙanena muka sauko da ita. Ta sa muka ajiye ta a ƙofar ɗaki, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Har rana ta take ba wanda ya wuce.

"Yau shiru," ta ce. "Ko rasuwa aka yi a baya?"

Na kasa ɗago kai. Ta daɗe tana duban sabuwar katangar.

"Ku mayar da ni sama. Can ko kawunan mutane ina hangowa."