Shida da Huɗu

Ya riga ya raba jikinsa da kujera, hannu ɗaya na gyara wuyan riga, lokacin da Sakatare ya karanta sunan. Ba nasa ba ne.

"Gwarzon shekara a rukunin dattawa, wasa goma sha ɗaya, nasara goma sha ɗaya: Hedimasta."

Haka ya tsaya, shi ba a zaune ba, shi ba a tsaye ba, kamar wanda baya ya riƙe yana cikin ɗaga buhu. Matarsa ta ja gefen rigarsa.

"Zauna mana, Baban yara. Ana kallonka fa."

Ya zauna. Mata da matasan kulob ɗin tanis suka soma tafi, da suka ga dattawan ba su taya su ba, tafin ya mutu a hanya. Sakatare ya ce mai kofi yana kan hanya, a sha lemo kafin ya iso.

Mai shagon tabarau ne, shekararsa hamsin da huɗu, amma a kulob ba mai kiransa da sana'arsa. Mataimaki suke ce masa, saboda shekara shida a jere shi ke zuwa na biyu, kuma duk shidan a bayan Hedimasta. Yakan yi dariya idan an kira shi haka, amma sunan yana ci masa rai ba kaɗan ba. Bana kuwa ya sakankance. Ya rage tumbi, ya sake wa raket ɗinsa zare har sau biyu, ya lallasa duk wanda ya tsaya masa a ɗaya ɓangaren raga. Jiya da kansa ya kwashe tabarau daga kantar sama ta shago, ya goge wurin tas, don kofi ya samu mazauni inda kowane mai saye zai gan shi.

Ga kuma abin da ya ɗaure masa kai: wasa biyu kacal Hedimasta ya buga bana. A wata na uku ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa, ta ina ya ci wasa goma sha ɗaya?

"Ba shi ne wanda muka je dubawa a asibiti ba?" in ji matarsa. "Ko akwai wani Hedimastan?"

"Shi kaɗai ne."

"To ya warke ke nan?"

"Bai warke ba."

"To a kwance ya buga?"

Ya miƙe ya bi Sakatare zuwa ɗan ofishin da ke bayan zaure, inda ake ajiye tsofaffin ƙwallaye da ragar da ta yage. Sakatare tsohon magatakardan kotu ne, gwiwa ta hana shi wasa, kuma mutum ne da ko ka ce masa rana ta fito sai ya nemi ka kawo a rubuce.

"Ranka ya daɗe, an yi kuskure a lissafi," in ji Mataimaki.

"Ni ba na kuskure. Sau uku na ƙirga."

"Amma ai ka san mutumin nan yana kwance tun watan uku."

"Na sani. Na je dubiya."

"To yaya aka yi?"

"Ni ma na tambayi kaina. Amma ba kaina aka ɗora ni in tambaya ba, littafi aka ba ni." Ya turo masa ƙaton littafin wasanni mai baƙin bango. "Ga shi nan. Na sa takarda a duk inda sunansa ya fito."

Dokokin kulob ɗin Hedimasta ne ya tsara su tun ana 'yan tsiraru, kuma guda biyu kowa ya haddace. Ta farko, wanda aka doke shi ke rubuta sakamako ya sa hannu, don kada mai nasara ya ƙara gishiri. Ta biyu, wanda bai halarci wasa uku a jere ba za a soke sunansa, abokan karawarsa su ɗauki maki kyauta, shi kuma ya koma bayan layi. Littafin na kowa da kowa ne, mata da matasa da dattawa, ana rubutu bisa kwanan wata, kuma ba mai waiwayar shafin da ya wuce.

Mataimaki ya wuce takardu biyun farko, na wasannin da aka buga da gaske, ya buɗe ta uku. Rubutun Lauya ne, mai kama da tafiyar tsutsa: Hedimasta ya doke ni, shida da uku, shida da biyu. Ta huɗu, rubutun Mai Famfo, da tabon maiƙo a gefe: Hedimasta ya ci ni, shida da nema, sau biyu. Ya ci gaba da buɗewa, yana cire tabarau yana gogewa yana mayarwa, shi da ke gwada idon mutane kullum yau nasa ya ƙi yarda da abin da yake gani. Wata na shida, wata na bakwai, wata na tara. Kowa da hannunsa, kowa da sa hannunsa.

A takarda ta takwas ya tsaya cak. Rubutunsa ne, tsaf-tsaf kamar na takardar magani: Hedimasta ya doke ni, shida da huɗu, shida da huɗu.

Ya tuna ranar sarai. Ya zo fili da raket ɗinsa, ya san ba mai zuwa, ya zauna a benci yana kallon ragar. Sai ya ga ba zai iya zama mutumin da zai sa a soke sunan tsohon nan daga kulob ɗin da shi ya kafa ba. Ya faki idon mai gadi, ya rubuta, ya rufe littafi, ya tafi gida yana jin kansa wani mutumin kirki na musamman. Wasa ɗaya ne kawai, in ji shi a ransa, me zai rage masa? Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Ashe duk garin ɓarayin kirki ne.

Ƙofa ta buɗe. Lauya ne, Mai Famfo na biye da shi, kowa riƙe da kwalbar lemo da bai sha ba. Suka yi cirko-cirko.

"Kai ma?" in ji Mataimaki.

"Me kake nufi da kai ma?" in ji Lauya. Ya leƙa littafin, ya ga yawan takardun da ke leƙowa, ya ajiye kwalbar lemonsa.

"Wallahi na ɗauka ni kaɗai ne," in ji Mai Famfo. "Na ce bari in tare masa guda ɗaya, kada su cika uku."

"Kuma sai ka rubuta shida da nema?" in ji Lauya. "Mutum yana gadon asibiti, ka ce ko ɗaya bai bar ka ka ci ba? Ƙarya ma ai tana da tsari."

"Ai da lafiyarsa ma haka yake mini. In na rubuta na ci uku, wa zai yarda?"

Ba wanda ya yi dariya sai Sakatare, shi ma ta hanci. Ya jawo littafin gabansa ya ɗora hannu a kai.

"Bari in gaya maka yadda doka take, Mataimaki. Kana da nasara goma, yana da sha ɗaya. Bambancinku wasa ɗaya ne, naka da shi. Ba ruwana da na sauran. Idan ka rubuta mini layi ɗaya cewa wasan nan ba a buga shi ba, maki ya dawo gare ka, kai sha ɗaya, shi goma. Sunan da ke jikin kofi takarda ce aka liƙa, yanzu sai in ɓare." Ya ajiye biro a kan teburin. "Kofin naka ne, kowa ya sani."

"Gaskiya ne," in ji Lauya a hankali. "Ba wanda zai ga laifinka."

Mataimaki ya ɗauki biron. Yana son kofin nan, so na haƙiƙa, irin wanda babban mutum ke jin kunyar faɗa. Ya hango kantar da ya goge. Ya hango shekara mai zuwa, gwiwarsa ta hagu da ta fara yi masa magana, da sabon likitan haƙorin nan da zai shigo rukunin dattawa da ƙafafunsa kamar na barewa. In bai ɗauka bana ba, ya san shi ke nan. Amma me zai rubuta? Cewa ya yi ƙarya? Ai ya yi. Cewa yanzu zai faɗi gaskiya? To don me gaskiyar ke masa ɗaci a baki kamar ita ce ƙaryar? Ya rasa wanda aka cuta a cikin maganar nan, ya kuma rasa wanda ya yi cutar, sai dai duk inda ya juya hannunsa yake gani.

Matarsa ta leƙo.

"Baban yara, sun iso. Kuma kai yake tambaya."

Ya fita da biron a hannu bai sani ba.

'Yar Hedimasta ce ke turo shi a keken marasa lafiya. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, hannun daman na kwance a cinya. Amma an sa masa farar rigar wasansa, an ɗaura masa tsohon ƙyallen goshinsa. Zauren ya miƙe tsaye.

'Yar ta matso kusa da Mataimaki ta rage murya. "Kawu, tun da wasiƙar kulob ta zo cewa shi ya ci kofi kanmu a ɗaure yake. Na ce masa kuskure ne, in kira in gyara. Ya ce a'a, sai an kawo shi ya ga littafin da idonsa."

Dattawan nan tara da suka rubuta masa nasarar ƙarya suka dubi juna. Hedimasta mutum ne da ya taɓa ba da maki a wasan ƙarshe saboda ƙwallon da kowa ya ga ya shiga, shi ya ce ya fita. Sakatare ya kawo littafin ya buɗe masa a cinya. Hedimasta ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya da hannun hagu, a hankali, kamar yana duba jarrabawar yara. Ba ka jin motsin komai sai fanka. Da ya kai ta takwas ya daɗe a kanta. Sannan ya ɗago ido ya yafito Mataimaki.

Mataimaki ya durƙusa gefen keken. Maganar tsohon tana fita da ƙyar, kalma na jan kalma.

"Wannan... hannunka ne?"

"Nawa ne, Malam."

"Shida... da huɗu."

"E, Malam."

Gefen bakin da ke da rai ya motsa. Idon tsohon ya cika da ruwa.

"Yaushe... ka taɓa cin huɗu... a hannuna?"

Mataimaki ya dubi biron da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinsa. Sai ya jawo littafin, ya soke huɗun farko, ya soke na biyu, ya rubuta biyu a saman kowanne, ya sa hannu a gefe. Ya miƙa wa Sakatare bironsa, ya je ya ɗauko wa Hedimasta kofin daga kan tebur. Ya fi yadda ya zata nauyi.