Sawun Tokuji a Kan Dusar Ƙanƙara

Mijina Tokuji mutum ne mai taurin kai, kuma ba a bayan idonsa nake faɗa ba, ya sha ji daga bakina. Da sanyin bana ya kama, likita ya duba gwiwoyinsa ya ce in dai da siraran allunansa na zamiya a kan dusar ƙanƙara ne, shi da dutse sun yi sallama. In yana son ya ci gaba, sai ya koma masu faɗi irin na yanzu. Tokuji ya rusuna ya yi godiya. Muna fitowa ya ce likitan yaro ne.

Dusar ƙanƙarar da ke sauko mana a nan tsibirin Hokkaido ba ta da nauyi, kana takawa za ka nutse har ƙugu. A cikinta mahaifinsa ya koya masa zamiya, da allunan katako da ake ɗaurawa a ƙafa da igiyar fata, da kuma sandar gora. Lokacin da muka yi aure alluna sun koma sirara dogaye, mutum ya ɗaga hannu sama, inda wuyan hannunsa ya tsaya nan ne tsawon nasa. Siririn allo kuwa nutsewa yake yi. Dole ka jingina baya don bakinsa ya ɗago, ka haɗe ƙafafu, ka riƙa zabura a kowace kwana. Aiki ne mai cin gwiwa, kuma babu wanda ya iya shi kamar Tokuji. Sawunsa ƙanana ne a jere kamar ɗinkin keke. Daga gonar dankalinmu da ke gindin dutse, mutane kan ɗaga kai da safe su ce yau ma Tokuji ya riga kowa. Ni kuwa kullum ina biye, cikin hanyar da ya fasa.

Daga baya aka kawo masu faɗin nan, gajeru, bakinsu a lanƙwashe sama, suna tafiya a kan dusa ba tare da sun nutse ba. Tokuji ya sa musu suna ƙyauren banɗaki. Ya ce yanzu ko buhun dankali aka ɗaura a kai zai sauko lafiya. Ni dai tun da 'yarmu Sayoko ta saya mini nawa na koma kansu, ban nemi shawarar kowa ba.

Bayan maganar likita sai ya zauna a gida. Ya goga wa tsofaffin allunansa kaki, ya jingine su, ya zauna bakin taga, gobe ya sake gogawa. Abinci ma sai ya tsakura ya ture. Tsoro ya kama ni, domin na ga yadda tsofaffin ƙauyen nan ke ƙarewa da zarar sun daina hawa dutse. Sayoko ta aiko masa da masu faɗi, ko kwalin bai buɗe ba.

Wata safiya da dusa ta kwana tana zuba, na buɗe kwalin da kaina, na ajiye su bakin ƙofa, na dunƙula shinkafa ta mutum biyu.

"Baban Sayoko, ni zan hau," na ce. "Kai zauna ka tsare mana butar shayi, kada ta gudu."

"Ke dai ko a wannan sanyin bakinki ba ya daskarewa," in ji shi.

Ban kai ƙarshen gona ba na ji takunsa a bayana, ya ɗauko masu faɗin.

Da muka kai sama, shi ya fara sauka kamar yadda aka saba. Kwana ta farko ya jingina baya don ya ɗaga bakin allo, allunan suka fice daga ƙarƙashinsa, ya faɗi rigingine. Ya tashi ya sake, ya sake faɗuwa. Abin da jiki ya saba, ba ya jin magana. Yana kwance cikin dusa ya ce a bar shi, zai kwance su ya sauka da ƙafa, daga yau kuma ya gama. Na san in ya sauka da ƙafa, da gaske ya gama.

"Waɗannan bakinsu a ɗage aka yi su, ba sa neman taimakonka," na ce. "Tsaya a tsakiyarsu, ka bi ni."

"In bi ki?"

"Ni da na bi ka duk rayuwata, mutuwa na yi?"

Na saki jiki na gangara a hankali, ina yin kwana masu faɗi. Ban waiwaya ba, don na san in na gan shi yana tangaɗi ba zai yafe mini ba. A gindin dutse na tsaya, sai ga shi ya iso gefena yana haki, girarsa duk dusa. Na tambayi gwiwa, ya ce tana nan.

Ya juya ya daɗe yana kallon dutsen. Layi biyu ne manya suka sauko, ɗaya kan ɗaya, irin wanda kowane baƙo zai iya bari.

"Babu wanda zai ce nawa ne," ya ce.

Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi mini ciwo, don ni ma ina son ɗinkin nan nasa. Na miƙa masa shinkafa. Ya cinye tas, har da lashe yatsa.

"Ashe abin da kike gani ke nan duk shekarun nan," ya ce. "Bayan mutum kawai."

Na ce masa shi ne kawai nake gani, sai kuma dusar da allunansa ke watso mini a fuska.

Ya karkaɗe hularsa ya mayar. "Gobe ma ki shiga gaba."