Ƙotar Kanya

Ruwan bara ne ya jiƙa bangon ɗakin Kaka, zafin bana ya ƙarasa shi. Ranar da ya faɗi, Ɗayyabu yana kwashe ƙasa da shebur sai ya ji ƙarfe ya daki ƙarfe. Wani ƙaramin akwati ne da aka binne a cikin bangon. A ciki akwai tsumma mai maiƙo, a cikin tsumman kuma bindiga, da harsashi uku da suka yi kore.

Libarba ce, irin ta da. Kakansa Muhammadu ya yi ɗan doka zamanin En'e, amma ba wanda ya taɓa cewa ya bar irin wannan. Ɗayyabu ya shige bayan rumbu da ita, ya zauna. Hancinta gajere ne, bai kai tsawon yatsansa ba, kamar an sare shi. Tana da nauyi fiye da girmanta. A tsakiya akwai wani dunƙulen ƙarfe mai ramuka biyar, da ya danna wani maɓalli sai ya faɗo gefe. Ya goge tsatsar da baƙin man babur, ya ga rubutun Turawa a jikinta, ya kasa haɗa shi. Aji biyu na sakandare ya tsaya.

Abu ɗaya ya ɓata masa rai: gara ta cinye ƙotar. Katakon da ke gefe biyu na mariƙin ya zama gari, saura ƙashin ƙarfe tsirara. Idan ya riƙe sai ta karkace, bakin ƙarfen ya cije shi a tafin hannu.

Dama ransa a ɓace yake tun da ya dawo Kiyako. Yana Kano yana acaɓa mahaifinsa ya rasu, ya zo aka yi bakwai ya koma. Da ya sake dawowa don sharar gona, sai ya tarar babu kanyar da ke kan iyakarsu da gonar Baffa Yahuza, ƙanin mahaifinsa. An sare ta, an baje wurin, an ja sababbin kunyoyi. Iyakar ta matso cikin gonarsu da kunya talatin, kuma nan ne ƙasa mai kyau, inda suke shuka riɗi.

“Kanyar ai a can take,” in ji Baffa Yahuza, yana nuna sabuwar iyakar da carbi a hannu. “Kai da ba ka zaman gari, ina ka san inda itace yake?”

Duk garin an san inda take. Amma Baffa Yahuza ne mai tarakta ɗaya tilo a unguwar, ga damina tana ƙaratowa. Kowa ya tambaya sai ya ce shi bai riƙe daidai ba. Mai unguwa ya sa ranar Asabar da safe a je gonar a duba. Ɗayyabu ya san yadda za ta ƙare: za a ce masa ya yi haƙuri, Baffa uba ne.

To, wannan Asabar ɗin ba hannu sake zai je ba. Bai tsara abin da zai yi da bindigar ba. Abin da yake gani kawai shi ne fuskar Baffa a lokacin da zai ɗaga riga.

Mahaifiyarsa, Safara'u, ta jawo wani reshen kanyar tun ranar da aka sare ta, ta tokare rumfar girki da shi. Ɗayyabu ya zare shi, ya datse gindinsa da zarto.

“Kai Ɗayyabu, rumfar fa?”

“Zan kawo miki wani, Inna.”

“Me za ka yi da shi?”

Ya ɗaure guntun a bayan babur, ya sa bindigar a ƙasan jaka. Masassaƙan Birnin Kudu duk sun san shi, kafin la'asar labari ya isa gidan Baffa. Sai ya miƙe hanyar Gwaram, bai tsaya ba sai Basirka. A tasha ya tambayi wanda ke aikin kanya, aka ce mutum ɗaya ne, Baba Salihu.

Ya same shi a gindin tsamiya, tsakanin turame da ƙotocin fartanya, yana fafe akushi da gizago. Tsoho ne siriri, da tabo a goshi. Bayan gaisuwa Ɗayyabu ya waiga hagu da dama, ya buɗe tsumman.

Tsohon bai firgita ba. Ya ajiye gizagon, ya ɗauke ta da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ya leƙa ramukan ya ga babu komai.

“Rabon da in ga irin wannan tun ina ɗauko wa babana gatari. Ta wa ce?”

“Tawa ce.”

“A'a, samari. Ta girmi ubanka.”

“Baba, ƙota nake so. Za ka yi ko ba za ka yi ba?”

“Kawo hannunka.”

Ya kama hannun Ɗayyabu ya buɗe shi, ya latsa tafin, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗebo laka daga gefen randa, ya dunƙula, ya sa masa a hannu ya ce ya matse. Ɗayyabu ya matse har lakar ta tsartu ta tsakanin yatsunsa.

“Kai, ba wuyan mutum na ba ka ba. Sake, a hankali.”

Ya sake. Tsohon ya karɓi dunƙulen da shatin yatsu a jikinsa, ya ajiye a inuwa.

“Hannunka babba ne, ita kuma ƙarama. Sai an yi wa ƙotar ciki, a ɗan ƙara mata tsawo, in ba haka ba ƙaramin yatsanka zai yi ta lilo a iska. Yanzu itace. Ga marke, shi nake wa fartanya, ba ya santsi in hannu ya yi gumi. Ga kirya, wannan har jikanka zai gaje ta, sai dai nauyi. Ga maɗaci in kyau kake so, ja ne kamar an shafa lalle. Duk sun shekara a inuwa.”

“Ba na son ko ɗaya. Da wannan za ka yi.”

Ya dire guntun kanyar a gabansa. Baba Salihu ya ɗaga, ya auna nauyinsa a hannu, ya sansana.

“Ɗanye ne. In na yi maka da wannan, kafin kaka ya tsuke, ya tsage.”

“Ba kaka nake jira ba. Asabar nake so.”

Tsohon ya dube shi. Sannan ya juya guntun zuwa ɗaya gefen, inda aka sare shi da gatari tun farko, ya bi saran da babban yatsa. Ya daɗe yana bi. Ya miƙa hannu ya jawo gatarinsa, ya kara bakinsa a wurin. Akwai ɗan giɓi a bakin gatarin, kuma a kowane sara da ke jikin itacen akwai siririn layi da ya taso daidai wannan giɓin.

“Daga Kiyako kake,” in ji shi.

Ɗayyabu ya miƙe tsaye. “Kai ne ka sare ta?”

“Ni ne. Wani Alhaji mai tarakta ya zo har nan ya ɗauke ni.”

“Baffana ne wannan! Kai ne ka sare mana iyaka! Tsoho da kai! Itacen da kakana ya shuka, ka je ka kwantar da shi don a cinye gonar marayu, ka dawo nan kana fafe akushi!”

“Iyaka?” Fuskar tsohon ta canza. “Zauna. Na ce zauna! Ni nan tun da na fara riƙe gatari ban taɓa sa shi a itacen iyaka ba sai masu gona biyu suna tsaye, kowa ya ce ya yarda. Haka na tarar ana yi, haka kowane masassaƙi yake yi. Mutumin nan ya rantse min a tsakiyar gonarsa take, tana hana tarakta wucewa. Na tarar an riga an baje kunyoyin gefe da gefe. Har na tambaye shi me ya sa bai kira na garinsu ba, ya ce gatarinsu ba ya cin kanya.” Ya tofar da yawu. “Ashe sun sani ne, za su ƙi. Ku 'yan gidan nan, in za ku yi abin da ba kwa so a gani, sai ku tsallake masassaƙan garinku ku nufo Basirka. Shi da itace, kai da bindiga.”

“Kada ka haɗa ni da shi.”

“Asabar me ake yi?”

Ɗayyabu ya gaya masa, a gajarce, yana kallon ƙasa. Tsohon ya naɗe bindigar a tsumma, ya tura ƙarƙashin buzunsa.

“Bar ta nan. Ba a yi wa ƙarfe ƙota da ka, sai ana gwadawa ana ragewa. Asabar da safe zan kawo maka aikinka da kaina.”

Ɗayyabu bai so ba, amma harsasan suna aljihunsa, kuma ba shi da wani masassaƙin.

Ranar Asabar tun da hantsi yake tsaye a bakin titi. Motoci biyu suka wuce. Har ya hango mai unguwa da dattawa sun nufi gona kafin wani ɗan acaɓa ya sauke Baba Salihu, da diga a kafaɗa da ƙunshi a hammata.

“Ba ni.”

“Ko gaisuwa babu? Sai an tashi daga taron.”

“Baba, kada ka yi min haka. Ba ni kayana.”

Tsohon ya wuce shi kamar bai ji ba. Ɗayyabu ya bi shi a baya. Ba zai iya kokawa da tsoho a kan hanya ba, mata suna wucewa da tulu.

A gonar Baffa Yahuza yana cikin bayani, yana nuna wa mai unguwa sabuwar iyakar, sai ya ga mai diga.

“Alhaji, mun sake haɗuwa,” in ji Baba Salihu. Ya juya ga mai unguwa. “Ranka ya daɗe, ni na sare kanyar nan. Alhaji ya ce in haƙa in sare ta ƙasa da ƙasa, a mayar da turɓaya. Na yi. Amma ban tone gindinta ba, gindin kanya ba aikin yini ɗaya ba ne.”

Ya je wajen wani suri da ke gefen gonar, ya juya masa baya, ya taka taku bakwai zuwa gabas, cikin kunyoyin da Baffa ya ce nasa ne. Ya miƙa wa Ɗayyabu digar.

“Kai mai ƙarfin matsa laka, tona nan.”

Ɗayyabu ya kai wa ƙasar sara kamar ita ta yi masa laifi. A na shida digar ta daki itace. Ya durƙusa ya share da hannu. Ga kututturen, faɗinsa ya kai faifai biyu, tsakiyarsa baƙa ƙirin, saran gatari kewaye da shi. A gefe har wani farin tsiro ya fara neman hanyar fitowa.

Sai wani dattijo, wanda shekaranjiya ya ce bai riƙe daidai ba, ya yi gyaran murya ya ce ai kuwa nan take, yanzu ya tuna. Saura ma duk suka tuna.

“Kuskuren masu tarakta ne,” in ji Baffa Yahuza. “Yaran nan ba sa lura.”

“To a mayar da kunyoyin yau, Alhaji,” in ji mai unguwa, bai dube shi ba. “Kai kuma Ɗayyabu, ka yi haƙuri, Baffa uba ne.”

Da mutane suka watse, Baba Salihu ya miƙa masa ƙunshin. Tun daga nauyin Ɗayyabu ya gane. Ya yage tsumman. Katako biyu ne na kanya, an goge su sun yi sumul, an shafe su da man kaɗanya, an ɗaure su da zare. Babu komai a tsakaninsu.

“Ina take?”

“Na kai wa dagacinmu jiya, ya miƙa wa hukuma. Na ce a bangon da ya rushe aka tsince ta. Ban faɗi bangon wa ba.”

“Ta kakana ce! Amana na ba ka!”

“Ƙota ka ce in yi, ga ƙota. Ban ce zan kawo maka bindiga ba, aikinka na ce.”

“Wayo ka yi min. Kai da Baffa duk ɗaya ne. Kowa ya ga abin maraya sai ya ɗauka ya ce don alheri ya yi.”

“Ka ce abin da ka ga dama. Na sare muku itace bisa ƙarya, na zo na gyara. Ba zan kuma ƙara sa hannuna a wani abin gidanku da zan zo ina gyarawa ba.” Ya buɗe tafin hannu. “Kawo ukun nan da ke aljihunka. Tun ɗazu kake shafa su.”

Ɗayyabu ya zaro su, ya watsa masa a ƙasa. Tsohon ya sunkuya ya tsince ɗaya bayan ɗaya, ya saɓa digarsa, ya nufi titi. Ɗayyabu bai raka shi ba, bai kuma ce ya gode ba.

Ya zauna a kan kututturen. Ya so ya yi jifa da katakon cikin suri, har ya ɗaga hannu. Amma da ya matse su sai suka zauna masa a tafi daram, kowane yatsa ya sami gurbinsa, har ƙaramin. Wannan ya ƙara ba shi haushi. Ya cusa su a aljihu, ya ɗauki fartanya, ya fara rushe kunyar Baffa ta farko bai jira tarakta ba.